Shekarar da Na Zaɓi Birmingham

Fa'iza da Mu'azzam, na san yadda kuke ba da labarin wannan shekara idan ba na wurin. Na taɓa jin Mu'azzam yana ba matarsa a kicin ranar wata Sallah, bai san ina bakin ƙofa ba. Cewa ya yi an ba Abba aiki a Cheetham Hill, tafiyar minti ashirin daga gida, ya ƙi, ya tafi Birmingham saboda filinsu ya fi kyau. Bai faɗa da zafi ba. Ya faɗa ne kamar yadda ake cewa wane dogo ne, wane gajere. Ban shiga na gyara masa ba, na koma falo na zauna. Abin da ya faɗa akwai gaskiya a ciki, amma rabin magana ce, kuma yanzu da gwiwoyina suka zaunar da ni wuri guda, zan ba ku sauran.

Sai na fara da Len, domin in ba ku san matsayinsa a wurina ba, duk abin da zan faɗa zai zama kamar wauta. Ku kuna tuna shi a matsayin dattijon Bature mai ɗingishi da ke zuwa gidanmu da alewar na'ana'a a aljihu. Lokacin da na zo Manchester karatun digiri na biyu a fannin motsa jiki, tallafin da aka turo ni da shi ya tsaya a tsakiyar hanya, na shiga neman kowane irin aiki. Len ne kocin ƙwallon ƙafa na wata kwaleji a Cheetham Hill, irin makarantun nan da matasa 'yan shekara sha shida zuwa sha tara ke shiga bayan sakandare. 'Yan ƙungiyarsa suna karatu da safe, su yi atisaye da rana, ranar Laraba su kara da wata kwalejin. Ya ɗauke ni in riƙa jera robobi a fili ina hura ƙwallaye. Bayan wata biyu ya ga yadda nake gyara wa masu tsaron baya tsayuwa, sai ya miƙo mini usur ɗinsa, ya koma gefe ya harɗe hannuwa. Shekara sha shida na yi ina mataimakinsa. Shi ya share mini kusurwa a ɗakin ajiyar kaya inda nake salla. Shi ya mayar da atisayen Juma'a zuwa ƙarfe uku ba tare da na roƙa ba. Shi ya rubuta takardar da ta taimaka aka ba ni izinin zama. Ranar sunanki, Fa'iza, ya zo da kwat ya zauna a ƙasa cikin maza, ƙugunsa mai ciwo ya hana shi tashi sai da mutum biyu suka kama shi.

Sai gwamnati ta canza, aka shigo da maganar tsuke bakin aljihu. Ba rana ɗaya abin ya faɗo ba. Laburaren unguwarmu a Old Trafford ya fara rufewa da wuri. Ɗakin matasa da ke bayan shagunan nan aka sa masa kwaɗo. Maminku ta riƙa dawowa daga aikinta na GP, wato likitar unguwa, tana cewa rabin waɗanda ta gani yau ba magani suke buƙata ba, aikinsu ne aka karɓe. A kwalejinmu kuwa, ƙaramar bas ɗin da muke kai 'yan wasa da ita ta lalace aka ce a lallaɓa, matar da ke duba mana raunuka aka sallame ta, ni na koma ina ɗaure ƙafafu da abin da na tuna daga karatu. Kalmar da ta fi yawo a bakin manya ita ce restructure, wato a rushe gida a sake gina shi da ƙarancin ɗakuna. Kowa ya koyi tafiya a hankali idan zai wuce ofishin shugabanni.

Wata Talata a ƙarshen hunturu mataimakiyar shugaban kwalejin ta kira ni. Ba muguwar mace ba ce, kuma ba zan ambaci sunanta ba. Idanunta sun faɗa kamar na wadda ta daɗe ba ta yi barcin kirki ba. Ta rufe ƙofa, ta ce daga shekarar karatu mai zuwa kujerar Len da tawa za su zama ɗaya. Mutum guda zai horar da ƙungiya, ya kuma shiga aji.

"Kai muke so, Habibu," in ji ta. "Kana da takardun koyarwa, kuma kana da sauran shekaru a gaba."

Na ce, "Len fa?"

"Za a sallame shi cikin mutunci."

"Saura shekara uku ya kai fansho."

"Na sani," ta ce, ta kalli takardun gabanta. "Mutum ɗaya nake da izinin riƙewa. In ɗayanku ya tafi da kansa, shi ke nan, maganar ta warware. In ba haka ba, ni zan zaɓa, kuma na faɗa maka wanda na zaɓa."

Ta roƙe ni kada in gaya wa kowa, musamman Len, sai an gama shekara. Na fito na tarar da shi a fili cikin yayyafi yana jan buhun ƙwallaye da ƙafarsa mai ja. Ya ce me shugaba take so. Na ce maganar jadawali ce. Wannan ce ƙarya ta farko da na yi masa.

A cikin watan nan ne Injiniya Auwalu, abokina tun muna ɗalibai, wanda ya zauna a Handsworth, ya kira ni ya ce wata kwaleji a Birmingham tana neman babban koci. Na tura takarda ba da wata niyya mai ƙarfi ba, aka kira ni intabiyu. Kuma a nan zan faɗi abin da ban taɓa faɗa wa Maminku da bakina ba, ko da yake ta sani. Da suka zagaya da ni, zuciyata ta motsa. Sun gina filinsu daf da lokacin da kuɗi zai ƙafe, ciyawar roba ce shimfiɗe kamar darduma, ga dogayen fitilu a kusurwa huɗu, ga ɗakin ƙarfafa jiki, ga ofis da sunan koci a ƙofa. Mataimaka biyu. Manyan kulob suna turo mutanensu ranar Laraba su tsaya a gefe da littafi suna neman 'yan wasa. Ni da na shekara sha shida ina zuwa da sassafe in tsince kashin karnuka a filin council, wato ƙaramar hukuma, da muke haya, filin da ruwa ke kwanciya a gaban raga tun daga kaka har bazara, na tsaya a tsakiyar nasu na ji kamar an cire mini kaya daga ka. Shekarata hamsin da ɗaya, ban taɓa zama na ɗaya a ko'ina ba.

Auwalu ya ɗauke ni a mota bayan intabiyu. Shi mutum ne mai son auna abubuwa, ko tayar mota zai saya sai ya kwatanta shago uku. Na karya alkawarin shugaba na gaya masa an yi mini tayi a gida ma, amma ban gaya masa kujerar wa ce ba. Muka tsaya a gefen titi a Handsworth, gaban wani shagon 'yan Jamaika, bas-bas suna wuce mu, ya fara.

"In maganar suna ce, nan ne. Yaran garin nan sun fi naku yawa, Jamaika, Somaliya, Pakistan, kowa ƙwallo yake so. Ka ci kofi ɗaya, an san ka. Amma na bincika maka. Koci uku suka yi cikin shekara biyar. Shugabansu hoton kofi yake so a takardar talla, don shi ke jawo ɗalibai. Kwantiragin shekara-shekara ne. Ranar da ka daina ci, ka daina aiki."

Na ce, "Namu kuwa ba a taɓa korar koci don an ci shi ba."

"To ka gani. Naku filin banza, amma ka san uwar kowane yaro. Ka yi asuba a gidanka, ka ci abincin rana a gidanka in ka so. Aikin nan na saurayi ne mai shekara talatin da biyar, wanda bai da abin da zai bari a baya. Naku na dattijo ne. Kai kuma ka tambayi kanka wanne ne kai."

Na yi dariya, na ce ai ni ban tsufa ba. Bai yi dariyar ba. Ya ce in na zo akwai ɗaki a saman gidansa, amma da shi ne, da ba zai zo ba.

Kwana huɗu bayan haka suka kira suka ce ni suka zaɓa. Na gaya wa Maminku ranar Asabar da hantsi, tana yanka albasa a kicin, na gaya mata duka, har da maganar Len. Ta saurara har na gama ba ta ajiye wuƙar ba.

"Baban Fa'iza," ta ce, "kana ganin in ka tafi za su bar shi?"

"Haka ta ce. Mutum ɗaya suke so."

"Mutum ɗaya mai araha suke so, mai shiga aji. Len ba ya shiga aji. Ni ma a irin wurin nan nake aiki, na san yadda suke magana. Yau sun ce maganar ta warware, bayan wata shida su sake zama."

"Ko da haka ne, ba da hannuna ba. Ba zan zauna a kujerar mutumin nan yana kallo ba."

"To ka je ka gaya masa. Ka ce ga abin da aka ce, me ka gani."

"Na yi alkawari."

"Ka yi wa Auwalu bayani ai, alkawarin bai hana ka ba." Ta juyo ta dube ni. "Tsoro kake ji ya ce ka karɓa. In ya ce ka karɓa, ba ka da hujjar tafiya."

Na ji zafin maganar har cikin ƙashina, na ce mata ba ta fahimci abin da ake kira halacci ba. Ban taɓa faɗa mata magana mafi rashin adalci ba, ita da ta riƙe gida da albashinta shekarun da nawa bai taka kara ya karya ba. Ta ɗaga murya, abin da ba ta saba ba, ta ce an kawo mini aiki har ƙofar gida na sa ƙafa na ture saboda na ga fitilu. Wannan jimlar ce kika ji daga matakala, Fa'iza. Na ga ƙafafunki ta tsakanin sandunan. Ita kaɗai kika ji, kuma ita kuka riƙe ku biyun har yau. Maminku ba ta ƙara muku bayani ba saboda na roƙe ta, don kada maganar ta koma kunnen Len ta bakin yara.

Yanzu sai in zo kan abin da ban sa a ma'auni ba, duk da cewa yana gabana kowace Asabar. Fa'iza, kina da shekara sha biyar, kina tsaron baya a ƙungiyar 'yan mata ta unguwa. A da council ke biyan kocinku, da aka yanke kuɗin ya tafi, ni na karɓa kyauta. Ku sha huɗu ne. Kina buga wasa da dogon wando da ɗankwalin da Maminku ta ɗinka miki don kada ya zame. Mutanenmu sun yi magana a masallaci, wani dattijo ya tare ni ya ce wannan ba tarbiyya ba ce, na ce masa 'yata a rufe take kuma ina tsaye a wurin. Ina alfahari da wannan amsar har yanzu. Ba ki da gudu sosai, amma kina ganin inda ƙwallo za ta faɗo tun kafin a buga ta, abin da ba a koyarwa. Wata mata daga ƙungiyar yanki ta kalle ki sau biyu, ta ce in kin ci gaba da bugawa a kawo ki gwaji da bazara mai zuwa.

Ranar da na gaya muku zan tafi, Mu'azzam ya tambaya ko zai samu rigar sabuwar ƙungiyar. Ke kuwa da Turancinki na Manchester kika ce:

"Asabar fa?"

Na ce, "Kowace Juma'a ina gida. Ba abin da zai canza."

Kika ce, "To," kika tashi.

Na yi imani da abin da na faɗa a lokacin. Amma aikin Birmingham bai san Asabar ba. Akwai ƙungiya ta biyu da ke buga gasar gari a ƙarshen mako, akwai ranakun da ake buɗe kwaleji ga iyaye, shugaba yana so koci ya tsaya kusa da kofunan da wasu suka ci yana murmushi. Wata na farko na zo muku sau uku. Na biyu sau ɗaya. Mahaifin wata ƙawarki ya gwada riƙe ku, amma ba shi da takardar horarwa, kuma council ta ƙara kuɗin hayar fili. 'Yan mata suka riƙa raguwa, har ranar da kuka je ku shida kuka tarar an ba wasu filin. Kafin hunturu ya fita ƙungiyar ta mutu. Na kira ki na ce zan nemo miki wata a Stretford ko Chorlton, kika ce ba komai, karatu ya yi yawa. Da bazara ta zo na tuna miki da gwajin, kika ce kin manta ranar. Maminku ce ta gaya mini daga baya cewa ta ga takalman ƙwallonki a cikin jakar kayan da za a kai sadaka, ta ciro, kika mayar.

Ba ki taɓa yi mini rashin kunya ba. Da kin yi, da ya fi mini sauƙi. Kina gaishe ni, ki kawo mini shayi, in na tambayi makaranta ki ce lafiya. Amma da, in ana wasa a talabijin, kina zama a ƙasa kusa da ƙafata kina faɗa mini wanda ya bar wurinsa. Daga wannan shekarar, in na kunna wasa sai ki hau sama.

Rayuwata a Handsworth ba ta da labari mai yawa. Ɗaki ne a saman tsohon gidan Auwalu, irin jerin gidajen jan bulo da ke manne da juna, taga tana kallon bayan wani gareji. Matarsa ta yi iya ƙoƙarinta, amma na ji nauyin zama a teburin mutane kullum, na koma cin burodi da ƙwai a ɗaki. Hanyar M6 da ke kai ni Manchester na san ta kamar tsakar gidanmu na Kano, na san inda ake tsayawa cak ranar Juma'a, na san gidan man da shayinsa ba shi da daɗi da wanda ya fi shi rashin daɗi. Bayana ya fara ciwo a wannan hanyar. In na iso gida na gaji, in na koma na gaji. A gida na zama kamar baƙon da aka saba da shi, an canza wurin ajiye cokula ba wanda ya tuna ya gaya mini.

Wata bakwai da tafiyata, ina cikin ofis ina duba jerin 'yan wasa, Maminku ta kira.

"Sun sallami Len," ta ce. "Matarsa na gani a kanti."

Na jira ta ce ai ta faɗa. Ba ta ce ba, kuma ba ta taɓa cewa ba har yau. Sai ta ce in tuna in saya wa Mu'azzam takalmin makaranta in zan taho. Sun ɗauko wani matashi daga waje, rabin lokaci, yana horarwa yana shiga aji. Yaron kirki ne aka ce, amma bai san kowa ba, bai san wace uwa za a kira in ɗanta ya ɓace kwana biyu ba. Cikin shekara biyu aka rufe ƙungiyar gaba ɗaya. Na kira Len na yi masa jaje, ya ce haka lokacin yake, ya tambaye ni yaya masu tsaron bayana. Ban je na gan shi ba. Na ce aiki ne ya hana ni.

A shekarata ta biyu muka ci kofin kwalejojin yankin. Ba zan ɓoye muku ba, ranar na ji daɗin da ban taɓa jin irinsa a aiki ba. Samari suka ɗaga ni sama, ni da furfurata, wani ɗan Somaliya da na hana shi barin makaranta ya rungume ni yana kuka. Uku daga cikinsu sun samu kulob, ɗaya har yanzu yana turo mini gaisuwar Sallah. Ba zan ce aikin banza na yi a can ba. Amma da na dawo gida da hoton, Mu'azzam ya manna shi a jikin firij, ke kuma kika ce, "Barka, Abba," kika buɗe firij ɗin kika ɗauki madara. A shekara ta uku manyan 'yan wasana suka gama, aka fitar da mu tun zagaye na biyu, aka kuma yi sabon shugaba wanda ya ga cewa ƙwallon kwando ta fi arha. Aka gode mini da kati da kowa ya sa hannu. Auwalu ya taya ni sauko da akwatuna, bai tuna mini da abin da ya faɗa a mota ba. Na lura mutanen da suka fi ni gaskiya a wannan labarin duk sun yi mini shiru, kuma shirun ya fi nauyi.

Na dawo Manchester kina shirin tafiya jami'a. Sauran shekarun aikina na yi su ne ina cike gurbin malaman motsa jiki da ba su da lafiya, yau wannan makaranta gobe waccan, yara ba su san sunana ba, ni ma ban san nasu ba. Ban sake riƙe ƙungiya ba.

Sai bayan shekaru da dawowata na iya zuwa wurin Len. Ya samu shanyewar ɓarin jiki, matarsa ta rasu, yana zaune a gidan 'yarsa a wajen gari. Na je wata Lahadi da rana. Yana kan kujera kusa da taga, bargo a gwiwa, maganarsa tana ɗan ja amma hankalinsa garau. Muka yi hirar tsofaffin 'yan wasa, wane yana tuƙa tasi, wane yana kurkuku, wane ya zama malami. 'Yarsa ta kawo shayi ta fita. Sai ya ce:

"Ranar da matar nan ta sallame ni, ta gaya mini kai ta fara yi wa tayi."

Na ajiye kofin. Na ce, "Ka sani duk shekarun nan?"

"Na sani. Na jira ka zo ka faɗa, ba ka zo ba."

"Ban so in karɓi kujerarka ba, Len."

"Na gane. Na gode." Ya gyara bargon da hannunsa mai lafiya. "Amma da ka tambaye ni. Da na yi fushi da kai wata guda, wataƙila biyu. Daga nan in riƙa zuwa ranar Laraba in tsaya a gefe ina gaya maka kurakuranka. Na gaji a lokacin, Habibu, ƙuguna ya gama. Abin da nake tsoro ba tafiyata ba ce, in bar yaran a hannun wanda bai san su ba. Shekara sha shida ina shirya ka. Kana tsammani don me?"

Na kalli hannunsa da ya mutu a kan bargo. Shi kuma bai matsa ba, ya saba barin ɗan wasa ya gano kuskurensa da kansa. Can ya ce:

"Yarinyar nan taka fa? Na taɓa zuwa na kalle ta wata Asabar. Ta fi rabin samarina iya karanta wasa. Tana bugawa har yanzu?"

Na ce, "A'a. Ta daina."

"Yaushe?"

"Shekarar da na tafi."

Ya gyaɗa kai a hankali, ya juya yana kallon taga. Da zan tafi ya riƙe hannuna da hannunsa mai lafiya, ya ce in riƙa zuwa. Na je sau huɗu kafin ya rasu.

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa na yi abin da ya dace, sakamako ne kawai bai zo daidai ba. Yanzu ba na iya faɗin haka kai tsaye. Na so in kare Len, wannan gaskiya ne, kuma ina so ku sani ubanku bai bar ku don ciyawar roba kaɗai ba. Na kuma so aikin can, shi ma gaskiya ne, kuma Len ya zama mini hujjar da zan tafi ba tare da na ji kunyar kaina ba. Amma babban laifina bai cikin waɗannan biyun. Na yanke hukunci a kan rayuwar Len ban tambaye shi ba. Na yanke a kan taki, Fa'iza, ban tambaye ki ba. Mutum ɗaya da na tambaya ta gaya mini gaskiya, na ce ba ta fahimta ba.

Ranar da na dawo daga wurin Len na farko, na tarar da Maminku a tsakar bayan gida tana kwashe shanya kafin ruwa ya sauko. Na gaya mata duk abin da ya faɗa. Ta ninke zanen da ke hannunta, ta sa a kwando, ta miƙo mini ƙarshen wani mu ninke tare.

"Yanzu ba sauran wanda kake rufa wa asiri," ta ce. "Ka gaya wa Fa'iza."

Na ce zan gaya miki idan kin zo hutu. Kin zo, muka yi maganar aikinki, da hayar gida, da motar da kike son saya. Kin sake zuwa da mijinki, kin sake zuwa da jaririya. Kowane zuwa nakan shirya maganar tun daga safe, sai in ga kina dariya da Maminku a kicin in ce ba yau ba. Na iya tsayawa gaban samari ashirin da aka ci su biyar in faɗa musu gaskiya, amma ban iya wannan ba. Shi ya sa na rubuta. Ba sai kin ce komai ba idan kin karanta. In kuma kina da abin faɗa, ko mai zafi ne, ina gida kowace Asabar.